Cinikin Da Ba A Shawarci Jikoki Ba

Malamanmu sun karantar da mu cewa yardar mai saye da mai sayarwa ita ce ginshiƙin ciniki. To, yardar wa za a nema idan hajar ƙasa ce da 'yan baya za su gada?

Nauru tsibiri ne a tekun Pasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21 kacal. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar fosfat a cikinsa, jiragen ruwa suna kwasa zuwa Ostareliya da Niyu Zilan domin yin takin zamani. Gonakin can suka yi albarka, shi kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ya koma duwatsun da ba sa nomuwa. Yau yawancin abincin mutanensa daga waje yake zuwa.

A 1993 Ostareliya ta amince ta biya diyyar ɓarnar zamanin mulkinta. Amma bayan samun 'yanci a 1968, 'yan tsibirin da kansu sun ci gaba da haƙa suna sayarwa, bisa yardarsu. Wannan ya fi damuna. A ganina, arzikin da ba ya sake tsirowa amana ne a hannun masu rai, yardarsu kaɗai ba ta wanke cinikinsa. Duk ɗan'uwan da ke harkar ma'adinai ko fataucin ƙasa da ƙasa, ya tuna da masu haƙƙin da ba a haifa ba tukuna.