Kafin ka ɗaura takalmin gudu

Ɗana, na ji ka ƙudura niyyar shiga gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195, kai da ke da mata da 'ya'ya da rumfa a bakin Babbar Kasuwa ko teburi a ma'aikata. Ban zo in hana ka ba. Magidancin Yamai zama ya yi masa yawa: daga babur zuwa kujera, daga kujera zuwa tabarmar fada, shayi da sukari har dare ya raba, sai wata rana likita ya ce hawan jini ne ko ciwon suga. Wanda ya ce zai tashi ya motsa jini, addu'a zan yi masa. Tambayata guda ce: lokacin nan, daga rabon wa za ka yanko shi?

Shirin wannan tsere kan ci wata 4 zuwa 5, fita uku ko huɗu a mako, awa 5 ko 6 idan aka haɗa. Awoyin nan ba daga sama za su faɗo ba. Ko ka cire su daga naka rabon, ko ka ɗora wa uwar 'ya'yanka, ita ta tashi yara, ta yi musu wanka, ta dama kunu, ta nemi mai kai su lakwal, kai kana bakin kogi kana lissafin kilomita. Wannan na biyun zalunci ne, ko da an kira shi motsa jiki. Ka cire daga fada. Ka cire daga latsa waya bayan isha'i. Abokan shayi za su yi maka ba'a mako biyu, daga nan su saba.

Ka zauna da iyalinka tun kafin ka sayi takalmi. Ka gaya mata ranakun, ka ji nata uzurin, ku tsayar da magana. In ka karɓi safiyar Lahadi don dogon gudu, to yammacin Lahadi nata ne: ka riƙe yara ta je gidansu, ko biki, ko ta kwanta ta huta. In kuma ita ce ke sha'awar motsa jikin, ka zama mai tsaron gida ba tare da ɓata rai ba. Paula Radcliffe ta Ingila ta ci tseren New York a 2007, kusan wata 10 bayan ta haihu, kuma ba wanda ke kai wa nan sai da hannun da ke riƙe masa jariri.

A unguwar Kalley lokacin gudu ɗaya ne, bayan sallar asuba. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Yamai sai bayan ƙarfe 7, ga iska mai sanyi, ga hanya ba cunkoso. Ka kwana da kayanka a ƙofar ɗaki. Ana sallame salla ka sauya, ka bi ta gefen kasuwa tun masu kosai suna hura wuta, masu shara suna tayar da ƙura, ka gangara bakin kogi. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710 ne. Ka haye ta zuwa Harobanda ka komo ta gada ta biyu da aka buɗe a 2011, ko ka juyo tun da wuri in lokaci ya ƙure. Ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, domin da duku-duku mai babur ba ya ganinka. Minti 45 sun isa a ranar aiki. Ƙarfe 7 da 'yan mintoci kana gida, ka watsa ruwa, ka ɗauki yara.

Kuskuren da ke karya mafi yawan mutane shi ne gaggawa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyin gwiwa da na agara sai a hankali. Shi ya sa masu horarwa ke cewa kada ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan nisan makon jiya. Yawancin gudunka ya zama mai sauƙi, wanda za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ya tsinke maka magana ba. Dogon gudun ƙarshen mako shi ne ginshiƙi: ka fara da kilomita 8 ko 10, ka hau sannu har 30 ko 32, sannan ka sassauta mako 2 ko 3 kafin ranar tsere. Wajen kilomita 30 ne sukarin da jiki ya adana a tsoka ke ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Maganinsa ka saba da cin dabino da kurɓar ruwa kana cikin gudu, ka kuma ci shinkafa da wake ko dambu ka ƙoshi a daren jajibiri.

Zafin garin nan kuwa ba abin wasa ba ne. A Afrilu yakan haura digiri 40, don haka shirinka ya faɗo tsakanin Oktoba da Fabrairu. In fitsarinka ya yi ja, ruwa ya yi maka kaɗan. In ka ji jiri ko ƙirji ya matse, ka tsaya nan take. Ranar da hazo ya rufe gari ka haƙura. Zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, kada ka koma hanya sai ka gama magani ƙarfi ya dawo. Da azumi, ɗan gajeren gudu bayan buɗa-baki ya wadatar. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya fara zuwa a auna jininsa.

Kada tsadar kaya ta ruɗe ka. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci tseren Olamfik na Rum a 1960. Kai dai titinmu akwai ƙusa da kwalba, ka nemi takalmin gwanjo mai laushin ƙasa da ya ɗan fi ƙafarka. Ƙasar nan ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Abdou Manzo ya ɗauki tutar Nijar a gudun fanfalaki na Olamfik a 1988 da 1992 da 1996.

Akwai daren da yaro zai kwana da zazzaɓi, ga dogon gudu da safe. Ka ajiye takalmin ka kai shi asibiti, kada kuma ka ce za ka rama ta hanyar ninka gudun gobe. Ka ci gaba daga inda tsarin ya kai. In kana hangen tseren Legas, wanda aka fara a 2016 kuma akan yi a Fabrairu, ka fara biyan kuɗin lakwal da na hatsi, abin da ya saura ka riƙa tara shi tun Oktoba don kuɗin mota da masauki.