Magana: Iska Ce Ko Kaya?

A watan Maris na 2025, kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan malamin lakwal yana da harsuna uku a gabansa, kuma kowane harshe yana zuwa da irin awon da yake yi wa abubuwa. Ƙaramar kalma ɗaya ta Ingilishi, wato «talk», ta isa misali. Ɗalibi yana haɗuwa da ita tun a darussansa na farko, ana fassara masa ita da «magana» ko «parler», a wuce. Amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya wadda ta shafi ɗabi'a fiye da nahawu: shin abin da baki ya furta aiki ne da za a tambayi mutum a kansa, ko kuwa iska ce da ke wucewa?

Kalmar ta bayyana a rubuce a Ingila wajen shekara ta 1200, kuma danginta su ne «tell», wato faɗa, da «tale», wato labari ko tatsuniya. Abin lura game da ita shi ne faɗin zanenta. Da ita ake kiran ƴar hirar da baƙi biyu ke yi a kan zafi da ruwan sama, «small talk». Da ita ake kiran laccar da masani ke gabatarwa. Idan aka yi mata jam'i ta koma «talks», sai ta zama zaman sulhu tsakanin ƙasashe, kamar wanda Amurka da Tarayyar Sobiyat suka fara a 1969 domin taƙaita makaman ƙare dangi, har Nixon da Brezhnev suka sa hannu a Mosko a 1972. Duk da wannan girma, masu harshen ba su sakar mata jiki ba. Suna cewa «talk is cheap», ma'ana magana ba ta da tsada, kuma wanda aka ce masa «all talk» an kira shi mai fatar baki. Rigar da aka sa wa sulhun manyan ƙasashe ita ce aka sa wa holoƙo.

Bahaushe bai zuba waɗannan a ƙwarya ɗaya ba. Hira ta dare ce da hutu, taɗi na abokai ne, zance yana iya zama batu ko kuma zuwan saurayi ƙofar gidan su budurwa. Surutu shi ne wanda ya yi yawa ya rasa kai, gulma kuwa ta bayan ido ce. Jawabi na shugaba ne, muhawara ta malamai, tattaunawa ta masu neman matsaya. A tsakiyarsu duka magana take zaune, kuma ita ce mai nauyi. Idan aka ce «akwai magana», kowa ya san ba lafiya ba. Yaron da «ba ya jin magana» kunnensa ƙalau yake, biyayya ce ya rasa. Mai «neman magana» fitina yake nema. Iyaye idan sun «tsayar da magana», aure ya kusa. Dattijo kuma ba ya magana biyu. A duk waɗannan wurare, kalmar tana nufin abin da ke ɗaure mutum.

Faransanci ma yana da nasa tarihin. «Parler» da «parole» sun fito daga kalmar Latin da ke nufin misali ko kwatance, kuma daga nan aka sami «parlement», wurin magana. Hausa ta aro «majalisa» daga Larabci, tushenta kuwa zama ne. Wani harshe ya dubi bakin wakilai, wani ya dubi zamansu wuri ɗaya. Ita kuwa «palabre», wadda asalinta ke nufin kalma kawai a harshen Sifaniya, Turawan mulkin mallaka sun liƙa ta ga zaman shawarar mutanen Afirka da sigar raini, kamar dogon surutu ne marar amfani, alhali a irin wannan zama ne ake raba gado, a sasanta manomi da makiyayi.

To, wa ya fi gaskiya, mai cewa magana araha ce, ko mai cewa alkawari kaya ne?

Wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Austin, ya ba da amsa a littafinsa da ya fito a 1962, wanda aka fassara da Faransanci a 1970 da sunan «Quand dire, c'est faire». Ya nuna cewa akwai furucin da ba labari yake bayarwa ba, shi kansa ne aikin. Ɗan kasuwar Maraɗi bai buƙaci littafi kafin ya san haka ba. Muddin mai kaya yana cewa «albarka», ciniki bai faɗa ba, amma da zarar ya ce «na sallama», rago ya tashi daga hannunsa ko da igiyar tana nan a tafinsa. A wurin ɗaurin aure waliyyi yana cewa ya bayar, wakilin ango yana cewa ya karɓa, shaidu suna ji, sai haram ta koma halal ba tare da an ɗaga ko tsinke ba. Kalma ɗaya kuma tana iya warware wannan igiya, shi ya sa ake tsoratar da miji game da bakinsa a lokacin fushi. Magana zarar bunu ce: wanda aka zaro daga jinka ba ya komawa mazauninsa.

Sai dai mai shakka yana da hujjarsa, kuma tarihin Nijar ya ba shi abin kamawa. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wakilai fiye da dubu suka zauna a Yamai a babban taron ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou. An faɗi abin da shekaru da yawa ba a iya faɗa sai a ɗaki. Taron ya haifi gwamnatin riƙon ƙwarya, da tsarin mulkin 1992, da zaɓen 1993. Amma a Janairun 1996 soja suka karɓe mulki. Mai shakka zai ce: ina amfanin wata uku na jawabai? Haka zai ce game da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da aka ƙulla da ƴan tawayen arewa, tun da wuta ta sake tashi a 2007. Amsar ita ce, shekarun da bindiga ta yi shiru a tsakani rayukan mutane ne, kuma zama aka yi aka same su. Inda aka sami tangarɗa, cikawa ce ta gaza. Idan bashi ya ƙi biyuwa, mai cin bashin ake tuhuma, ba a cewa rance ne ba shi da amfani.

Daga nan ake gane cewa iyakar da ta dace a ja tana tsakanin magana mai uba da marar uba. Mai uba ita ce wadda mai ita ya tsaya a bayanta da sunansa da fuskarsa, ya yarda a zo a tambaye shi gobe. Marar uba kuwa tana da alamarta a nahawun Hausa: «wai» da «an ce». Waɗannan ƙananan kalmomi suna da amfani idan mai gaskiya ya yi aiki da su don ya nuna bai gani da idonsa ba. Amma sau da yawa mafaka ce ga wanda ke son ya jefa dutse ya ɓoye hannu. A da, «an ce» tana tafiya da ƙafa daga rijiya zuwa kasuwa, kafin ta isa ta gamu da wanda zai ƙaryata ta. Yanzu saƙon murya na WhatsApp yana tashi daga Damagaram ya kwana a Tawa da Agadas, ba a san wanda ya fara shi ba. Wanda ya tura shi gaba yana jin bai ce kome ba, alhali ya ara masa bakinsa. Baki shi ke yanka wuya, kuma sau da yawa wuyan wani ne.

Wannan ba ya nufin kowace magana sai ta zama rantsuwa. Wani masanin al'adu, Malinowski, ya lura a 1923 cewa akwai zancen da aikinsa kawai shi ne ya haɗa mutane. Doguwar gaisuwar Hausa irinsa ce. Mai tambayar kwana da gajiya da iyali ya san amsar da za a ba shi, kuma wanda ya kwana da zazzaɓi zai ce «lafiya lau» ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Abin da ake faɗa a ƙarƙashi shi ne: na gan ka, babu kome tsakaninmu. Ranar da maƙwabci ya wuce bai yi gaisuwa ba, unguwa ta san akwai magana. Haka fadar matasa take, inda ake zagaye butar shayi har dare. Ana yawan zarginta da zaman banza, kuma wani lokaci da gaskiya, amma a nan ne matashi ke jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudunmawar biki da ta jinya. Hira tana da haƙƙinta muddin ba ta ci naman wanda ba ya wurin ba.

Nauyin wannan duka yana komawa kan aji. Makarantar zamanin Turawa ta rataya wa yaro «symbole» a wuya idan ya yi harshen uwarsa, sai ya koyi cewa tsira tana cikin shiru ko cikin maimaita abin da bai gane ba. Makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, inda aka fara karatu da Hausa, ta zo ne don ta kwance wannan ƙulli. Amma kwance harshe rabin aiki ne. Ɗalibin da ya iya jera jimla a harsuna uku, bai kuwa saba a tambaye shi «wa ya faɗa maka?» ko «ka tsaya a kan abin da ka ce?» ba, an ba shi wuƙa ne babu kube. Malamin da ya yi wa aji alkawarin mayar da takardun jarrabawa ranar Litinin, ya kuma kawo su ranar Litinin, ya koyar da darasin da babu shi a ƙamus. Ingilishi zai ba yaro kalma ɗaya mai faɗi, Hausa ta ba shi goma masu awo daban-daban, amma daga manyansa zai gane ko abin da ya fito daga bakin mutum ana iya jingina da shi.