Jikin Masunci Amana Ne: Tawakkali da Kiyaye Lafiya a Shekarun Tsufa

A ƙasar Kebbe da Tambuwal, inda Gulbin Zamfara ke gangarowa daga Gummi ya ratsa kudancin Jihar Sakkwato kafin ya nufi Jega, kamun kifi tsohuwar sana'a ce da gidaje ke gado kaka da kakanni, musamman a tsakanin Sarkawa, wato masuntan da tarihinsu ke haɗe da daular Kabi tun zamanin Kanta a ƙarni na 16. Babban jarin wannan sana'a shi ne jikin mai yin ta, domin jirgi da koma da ƙugiya ana iya sayen sababbi idan sun lalace, amma kafaɗa da gwiwa da numfashi ba su da kasuwa. Daga nan ne wata tambaya ta addini ke tasowa ga masuncin da ya fara furfura: idan ajali rubutacce ne, kuma arziki na Allah ne, mene ne matsayin kula da jiki, kuma shin rage shiga ruwa saboda shekaru rauni ne na tawakkali?

Kafin a amsa, ya kamata a dubi abin da sana'ar ke nema daga jiki. Mai jefa birgi, wato komar nan mai da'ira wadda aka jera wa dalma a bakinta, yakan tsaya a kan jirgin da ke rawa, ya rataya wani sashe na komar a kafaɗa, ya murɗa ƙugunsa sannan ya saki, ta yadda za ta buɗe a sama ta faɗa ruwa a shimfiɗe. Bayan haka sai ya jawo ta da nauyin ruwa da laka da kifi, kuma yakan maimaita wannan tun asuba har rana ta take. A lokacin su, wato kamun gayya da ake yi da rani bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini, masunci kan kifa cikinsa a kan gora, yana riƙe da homa a hannu biyu, yana nutsewa yana tasowa, kamar yadda duniya ta saba gani a Matan Fada ta Argungu, a bikin da aka fara a 1934. Duk waɗannan ayyuka sun dogara ne da ƙarfin damtse, da daidaituwar tsayuwa, da juriyar zuciya da huhu, waɗanda su ne shekaru ke fara taɓawa. Masana lafiya sun tabbatar da cewa tsokar jiki kan fara raguwa sannu a hankali tun bayan shekara 30, raguwar kuma ta ƙara sauri bayan shekara 60.

Alƙur'ani bai ɗauki wannan raguwa a matsayin abin kunya ba. Aya ta 54 ta Suratur Rum ta jera matakan rayuwar ɗan Adam daga rauni zuwa ƙarfi, sannan daga ƙarfi zuwa wani raunin da furfura, a matsayin tsarin Mahalicci. Saboda haka dattijon da ya ƙi yarda cewa jikinsa ya sauya, da tsarin halitta yake jayayya, ko da kuwa yana kiran abin da yake yi jarumta. Bukhari ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, sahabin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da hakki a kansa. Kuma da tsufa ya cim masa, ya yi fatan da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Idan ibada kanta ba ta halatta a zalunci jiki ba, to neman tarwaɗa da giwan ruwa bai isa ya halatta ba.

Malaman usulul fiƙhu, wato ilimin tushen hukunce-hukunce, irin su Gazali wanda ya rasu a 1111 da Shaɗibi wanda ya rasu a 1388, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. A makarantun zaure, duk wanda ya karanta Risala ya san cewa an sauƙaƙa wa tsohon da azumi ya gagara, an kuma yarda marar lafiya ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Shari'ar da ta ɗauke wa mutum alwala saboda tsoron cuta ba za ta ɗora masa nutso cikin ruwan hunturu yana fama da hawan jini ba.

A bakin gulbi akan ji ana cewa ruwa ba ya cin wanda kwanansa bai ƙare ba. Maganar gaskiya ce ta fuskar aƙida, sai dai ana yawan ɗora mata kayan da ba nata ba. Ajali ɓoyayye ne, ba a kuma ɗora wa bawa saninsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne riƙo da sababi, wato bin hanyoyin da Allah ya sanya su zama dalilin samun alheri ko kauce wa cuta. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah ya nuna cewa tawakkali aikin zuciya ne da ke tafiya tare da aikin hannu. Masuncin kansa shaida ne a kan haka, domin bai taɓa zama a gida yana jiran kifi ya zo masa ba: yakan ɗinke komarsa, ya toshe ɓular jirginsa, ya kafa mamari da yamma ya duba da safe. Wanda ya riƙi sababi wajen neman arziki ba shi da hujjar sakin sa wajen tsare rai.

Sababan da suka shafi dattijon masunci sanannu ne, kuma yawancinsu ba su da tsada. Hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba, ruwan sanyi kuma yana ƙara hauhawar jinin nan take, don haka awon jini a asibitin da ke kusa ya zama wajibin hankali. Tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi na tafkuna su huda fata, tana iya lalata mafitsara da hanta idan aka bar ta shekara da shekaru, alhali akwai maganinta mai suna firazikwantel. Hasken rana da ke dawowa daga fuskar ruwa yana taimakawa wajen haifar da yanar ido, malfa mai faɗi kuma tana rage shi. Gidan sauro, da isasshen ruwan sha, da cin wani abu daga kifin da aka kama maimakon sayar da shi duka, da rigar kariya daga nutsewa, da fita tare da abokin tafiya, duk suna cikin ɗaure raƙumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci waɗanda suka kai shekara 65 da su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa, abin da ya fi muhimmanci a watannin da aka jingine koma. Mafi haɗari kuwa shi ne shan ƙwayoyi irin su tiramadol domin danne gajiya, saboda jiki magayi ne, kuma wanda ya toshe bakin magayi ya hana kansa jin gargaɗi, ya kuma taɓa hankalin da shari'a ta zo ta kare.

Akwai uzurin da ba a raina shi, wato na dattijon da talauci ke tura shi ruwa domin ba shi da mai ciyar da shi. A nan nauyin ya koma kan 'ya'ya da dangi da jama'ar gari, domin kiyaye ran tsoho farilla ce da ta hau kan masu hali a kusa da shi. Sana'ar ma ta tanadar masa gurbi: zai iya barin nutso da jan taru ga matasa, ya koma kafa gura a bakin gaɓa, da riƙe jirgi, da saƙar koma, da koyar da inda kifi ke kwana da lokacin da ruwa ke juyawa, ilimin da ba ya samuwa sai da daɗewa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma masuncin da ya kai jikinsa ga tsufa yana iya tsayuwar salla, yana iya nuna wa jikansa yadda ake jefa birgi, ya cika sharaɗin gwaninta, ya kuma riƙe amanar da za a tambaye shi a kanta.