Sujadar Salah a Fili: Godiya ce ko Riya?

Tun da Mohamed Salah ya baro Roma zuwa Liverpool a 2017, ya zura ƙwallo 32 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko, duniya ta saba ganinsa yana kai goshi ƙasa idan ya ci ƙwallo. Wasu na cewa riya ce, wai ibada a gaban dubban 'yan kallo da kyamarori ba ta rasa son a gani. Ni kuwa a ganina sujadar ta faɗo a muhallinta, domin babu lokacin da girman kai ke kama ɗan wasa kamar sa'ad da raga ta motsa, fili ya ɗauki sunansa. Yaron da ya tashi a ƙauyen Nagrig, yana shafe sa'o'i a motocin haya zuwa Alƙahira don atisaye da El Mokawloon, yana iya cewa guminsa ne ya kai shi. Idan a daidai lokacin ya durƙusa, to ya mayar da yabon ga Mai shi. Riya kuwa a zuciya take, ba wanda ke hango ta daga kujerar kallo.

Masu ja ta fuskar fiƙihu suna da abin faɗa. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanenmu ke bi, maganar da ta shahara ita ce sujadar godiya makaruhi ce. Amma Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke ta mustahabbi, kuma sahabi Ka'abu ɗan Malik ya yi ta ranar da aka yi masa bushara da karɓar tubarsa. Ibnu Taimiyya ma bai sharɗanta mata alwala ba. Abin da malamai suka yi saɓani a kai bai isa a aibanta mutum da shi ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce, shin ƙwallo a raga ni'ima ce da ta kai a yi mata sujada? Ai mai tsaron gidan da aka ci, shi ma wataƙila ya yi addu'a kafin a take leda. Gaskiya ne, Allah ba ya goyon bayan wata ƙungiya. Sai dai godiyar ta lafiyar ƙafa ce da sana'ar da ake ci da ita, har jama'ar ƙauyensu na amfana. Sana'a ce kuma mai saurin kuɓucewa: a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Kiev a 2018, faɗuwa ɗaya da Sergio Ramos ta fitar da shi da raunin kafaɗa yana hawaye, tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.