A Daina Cike Giɓin Kuɗi da Ƙarfin Ginshiƙi

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a garuruwanmu: mutum ya sayi fili, ya kira birkila, ya ce a haƙa fandisho, sauran Allah zai kawo. Babu lissafin bulo, babu na rodi, balle a ware wani abu saboda tashin farashi. Wannan ganganci ne da aka lulluɓe da sunan tawakkali.

Ku duba abin da ke biyo baya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, kuma duk wanda bai yi tanadi ba sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Mai tsoron Allah ya dakata, ya bar kango har hali ya samu. Wani kuwa sai ya rufe ido. Kankare da ya kamata a haɗa da kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai a tsinka shi da yashi. Inda injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16, a sa mai 12. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai, a matse shi ya haifi hamsin. A cire katakon da ya tokare dakin tun kankare bai ƙosa ba, don kawai a rage kuɗin haya. Sai a yi filasta, a shafa fenti, magana ta rufu. Wanda zai kama hayar ɗakin da iyalinsa bai san an ci bashi da ransa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ba mu manta benen kasuwar waya da ya rufta a titin Beirut a Kano cikin Agustan 2022 ba, ko makarantar da ta danne ɗalibai a Jos a Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu. Kowane rushewa da sanadinsa, amma waɗannan ranaku sun nuna mana abin da gini ke yi idan ya gaza.

Mai gini, akwai ƙwararru masu ƙididdigar kayan gini, ƙungiyarsu ta NIQS tana nan tun 1969. Biya su su rubuta maka komai kafin a sara ƙasa, ka ajiye kashi goma cikin ɗari gefe guda. Ka riƙa biyan ɗan kwangila mataki-mataki, bayan ka ga aiki da rasit. In ya kawo maka farashin da ya yi araha fiye da kima, tambaye shi a ina zai rage. In lissafi ya nuna ƙarfinka na hawa ɗaya ne, kada ka ɗora na biyu.