Alkawarin da Aka Ɗauka a Tsakiyar Teku

A ranar Asabar 23 ga watan Maris na shekarar 2019, da misalin ƙarfe biyu na rana, wani jirgin ruwa mai suna Viking Sky, wanda ya taso daga garin Tromso da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe ya nufi Stavanger ɗauke da mutane fiye da 1,370, ya aika da kiran neman agaji, domin injinansa sun mutu gaba ɗaya a wani yanki na teku da ake kira Hustadvika, wurin da matuƙan ƙasar da kansu suke shayinsa saboda duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Mutanen da ke ciki ba fatake ba ne, ba kuma masu gudun hijira ba. Fasinjoji 915 ne, galibinsu dattawa daga Amurka da Ingila, waɗanda suka tara abin da suka tara a ƙuruciyarsu, suka biya kuɗi masu kauri don su je su kalli wani haske mai launi-launi da yakan bayyana a sararin samaniyar waɗannan ƙasashe cikin dararen hunturu. Sauran kuwa ma'aikata ne masu yi musu hidima.

Ya kamata mai karatu wanda bai taɓa ganin irin waɗannan jirage ba ya san cewa ba don a isa wani gari ake shigarsu ba, tafiyar ita kanta ce hajar da ake sayarwa. Wannan da muke magana a kansa tsawonsa ya kai mita 228, yana da ɗakunan kwana da na cin abinci da na kallo, har da tafkin ninƙaya a samansa, wato ruwa a kan ruwa. Kuma idan mutum ya lura da kyau, sai ya ga duk hikimar da aka zuba wajen ƙawata shi, daga shimfiɗun ƙasa zuwa fitilu, daga kiɗa mai taushi zuwa murmushin masu raba abinci, manufarta ɗaya ce tak, ita ce a mantar da baƙo cewa tsakanin tafin ƙafarsa da zurfin da ba ya iya ƙiyastawa babu kome sai falle na ƙarfe. Malamai suna kiran irin wannan hali gafala, suna tsoratar da almajirai game da shi. A nan kuwa da kuɗi ake sayensa, kuma wanda ya fi biya shi ake ba ɗakin da ya fi nisa da ƙugin inji.

To, da wutar jirgi ta ɗauke, iska ta juya shi ya ba raƙuman ruwa gefensa, sai duk wannan ado ya zama abin jifa. Kujeru da tebura da tukwanen furanni suka riƙa gudu daga wannan bango zuwa wancan, allunan rufi suka faɗo wa mutane a ka, ruwa ya fasa tagogin wani ɗakin cin abinci inda aka tara fasinjoji sanye da rigunan da ke hana nutsewa. An saki anga, jirgi bai daina ja zuwa duwatsu ba nan da nan, har ya rage tsakaninsa da su bai wuce tsawon jikinsa ba. Ƙananan kwale-kwalen ceto kuwa ba a yi gangancin sauke su ba, gama ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sai jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuwa suna zaro mutane ɗaya bayan ɗaya da igiya, tun daga yammacin Asabar har aka kwana ana yi.

Ba labarin ceton ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, wata tambaya ce da ta girme shi da ƙarnuka. Sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko a teku ko a sama ko a kan titi, cewa akwai sa'ar da harshe yakan riga hankali, mutum ya ji kansa yana kiran Ubangijinsa da wata murya da bai san yana da ita ba, yana ɗaukar alkawuran da ba wanda ya nema daga gare shi. Alƙur'ani mai girma ya kawo wannan siffa ta mutanen jirgi a wurare da dama, a Suratu Yunus da Isra'i da Ankabut da Luƙman, inda ya nuna yadda suke farin ciki da iska mai daɗi, yadda suke tsarkake kira ga Allah shi kaɗai sa'ad da taguwa ta rufe su, da yadda mafi yawansu suke komawa gidan jiya da zarar ƙafa ta taka tudu. Tambayar ita ce: wannan addu'a da tsoro ya haifa, imani ce ko kuwa firgita ce kawai ta ari rigar imani?

Masu shakka suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce, ai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Kamawar ba ta nuna takobi abin ceto ne, abin da ta nuna kawai shi ne mutumin ya rasa abin kamawa. Wasu masu tsananin tsentseni daga cikin namu kuma, ta wata ƙofa dabam, sukan iso wuri guda da su, su ce wannan ai tuban muzuru ne, ba a gina kome a kansa.

Ni dai ban gamsu da ɗayansu ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ayoyin nan shi ne ba su ƙaryata ihlasin mutanen jirgi a sa'ar da suke kira ba, hasali ma su suka shaide shi. Zargin da ke cikinsu ya faɗa ne a kan abin da ya biyo bayan tsira. Da tsoro ne yake ƙirƙiro abin kiran, da sai mu ga mai firgita yana ƙara yawan abubuwan da yake dogara da su, amma abin da ake gani akasin haka ne, domin a wannan sa'a mutum yakan zubar da duk abin da ya saba jingina da shi, dukiya da muƙami da sanayya da takardar inshora, ya saura da ɗaya. Ashe ke nan aikin guguwa ragi ne, kamar yadda mai sheƙa take ba iska hatsi don ƙaiƙayi ya tafi, abin da ya faɗo cikin ƙwarya kuwa dama can yana nan. Wannan ragowa ita ce malaman tauhidi suke kira fiɗira.

Akwai mutum guda a tarihi da ya yi wa wannan al'amari lissafi na mai hankali, shi ne Ikrima ɗan Abu Jahal. A shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da aka buɗe Makka, ya gudu ya nufi Yaman, ya shiga jirgin ruwa, guguwa ta taso musu, matuƙan suka shaida wa fasinjoji cewa gumakansu ba su da amfani a wannan wuri, sai kowa ya kira Allah shi kaɗai. Ikrima ya yi tunani a ransa cewa idan babu mai ceto a ruwa sai ɗaya, ba yadda za a yi a ce a tudu akwai wani dabam, ya ɗauki alkawari in ya kuɓuta zai koma wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kuɓuta, matarsa Ummu Hakim ta riga ta nemo masa aminci, ya koma ya musulunta, daga baya ya yi shahada a yaƙoƙin Sham. Abin da ya bambanta shi da sauran fasinjojin ba yawan tsoro ba ne, gama duka sun tsorata. Shi dai ya gane cewa tudu ma jirgi ne, sai dai girgizarsa ba ta cika zuwa a jere ba.

A nan bari in ɗan ratse, domin na san wani zai ce, to me ya kai mutum teku tun farko don yawon shaƙatawa, alhali bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne? Magabata sun yi shayin teku ƙwarai. Sa'ad da Mu'awiya, yana gwamnan Sham, ya nemi izinin ƙetarawa zuwa tsibirin Kubrus, Sayyidina Umar ya nemi Amru ɗan Asi ya siffanta masa teku, da ya ji an kamanta masu hawansa da tsutsa a kan guntun itace sai ya hana, sai a zamanin Sayyidina Usmanu aka yi wannan tafiya, shi ma da sharaɗin kada a tilasta wa kowa. A babin hajji na Muhtasar kuma Shaihu Halil ya daidaita hukuncin teku da na tudu, ya togace hali biyu: idan halaka ce ta fi rinjaye, ko idan jiri da amai za su sa mutum ya tozarta rukunin salla. Kakanninmu da suka taka ƙasa ta Chadi da Sudan suka isa Sawakin, da wannan hukunci suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. A yau da aminci ya fi rinjaye a waɗannan manyan jirage, ban ga dalilin ƙuntata wa wanda ya je kallon halittar Allah ba, muddin ya kiyaye sallarsa da mutuncinsa. Kuma ni abin ya burge ni, a ce fakihi yana zaune a Masar a ƙarni na 14 ya damu da tashin zuciyar matafiyi har ya gina hukunci a kansa.

Mu koma ga jirginmu, domin abin da masu bincike suka gano ya fi kowane wa'azi da zan iya yi. Ba raƙuman ruwa ne suka karya injinan Viking Sky ba. Baƙin man da ke sulɓanta su ne ya yi ƙasa a tankunansa, bai kai rabi ba, alhali waɗanda suka ƙera injinan sun yi umarni a riƙe shi wajen kashi biyu cikin uku ko fiye. Muddin ruwa yana kwance, wannan ɗan mai yana isa, ba wanda ya ga aibu. Amma da jirgi ya shiga tangaɗi, mai ya riƙa karkata gefe guda, bakin bututu ya zuƙi iska, sai injinan suka kashe kansu da kansu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka tsara su su yi don kada su ƙone. Hukumar binciken haɗurra ta Norwe, a rahotonta na 2024, ta ƙara da cewa ɗaya daga cikin injinan huɗu dama ba ya aiki tun a Tromso, don haka bai kamata jirgin ya baro tasha a wannan hali ba. Wasu jiragen da suka saba bin wannan gaɓa kullum ma, a ranar sun zaɓi su jira hadari ya wuce.

Wannan ya warware mini gardamar da aka daɗe ana yi tsakanin mai cewa addu'a ce ta cece su da mai cewa injiniyoyi da matuƙan jiragen sama ne, domin a wurin Ahlus Sunna babu kishi tsakanin sababi da Mai sabbabawa, kuma wanda aka umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali ba a ce masa ɗaurin ya rage masa imani ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naƙasun ba ranar Asabar ya faru ba. Tun kwanakin da teku ke kwance, ana ci ana sha ana ɗaukar hotuna, mai yake ƙasa, guguwa dai zuwa ta yi ta auna shi. Ina zaton zuciya ma haka take, har na daina mamakin yadda mutum biyu za su fito daga hadari ɗaya, wannan ya zama Ikrima, wancan ya tafi neman a mayar masa da kuɗin tikitinsa, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, babu laifi mutum ya yi duka biyun.

Injiniyoyin sun ƙara mai a tankunan, cikin abin da bai kai awa guda ba jirgi ya sami ƙarfin da zai ja da baya daga duwatsu a hankali. Mutum kusan 480 aka zare ta sama kafin a tsayar da aikin, an kai wasu asibiti da raunuka. Wani jirgin kaya mai suna Hagland Captain shi ma injinsa ya mutu a wannan yanki a daren, ma'aikatansa tara suka faɗa cikin ruwan sanyi aka tsamo su. Da yammacin Lahadi Viking Sky ya shiga tashar garin Molde da sauran mutanensa, ƙananan jiragen ja suna rakiyarsa, kuma kafin watan Afrilu ya ƙare an gyara tagogi, an mai da kujeru mazauninsu, ya sake ɗaukar wasu baƙi.