Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Shafa Turaren Garuda?

Wata uwa daga cikin zumuntar mata ta zo wurinmu bayan sujada, da 'yar kwalba a ƙulle a bakin zanenta. Ɗanta da ke karatu a ƙasar Faransa ne ya aiko mata. Turare ne mai tsada, irin wanda ƙananan gidajen turare su ke haɗawa kaɗan kaɗan, ba a samunsa a kowane kanti. Sunansa Garuda. Wani gida a birnin Faris mai suna Jul et Mad ya fitar da shi a shekara ta 2015. Sai wani ya gaya mata wai sunan gunkin Indiyawa ke nan, gara ta jefa shi cikin masai. Ta ce, "Pasto, kuɗin yarona ne da ƙaunarsa. Amma idan zunubi ne, ba ni so." Ba mu ba ta amsa a ranar ba, gama ba shi da kyau mutum ya yanke shari'a a kan abin da bai bincika ba. Ga abin da muka samu.

Da fari, wane ne Garuda? A wurin masu addinin Hindu shi ne sarkin tsuntsaye, mai fikafikai da baki irin na gaggafa, wanda allahnsu Bishnu ya ke hawa. An ba da labarinsa cikin babban littafinsu da a ke kira Mahabharata. Uwarsa Binata ta yi gardama da kishiyarta Kadru, uwar macizai, a kan launin wutsiyar wani farin doki, suka shirya wadda aka kayar za ta zama baiwar 'yar'uwarta. Kadru ta sa 'ya'yanta suka nannaɗe wutsiyar har ta yi baƙi, Binata kuwa ta shiga bauta ta wurin wannan zamba. Da Garuda ya tambayi abin da zai fanshi uwarsa, macizai suka ce sai ya kawo masu amrita, watau ruwan rashin mutuwa. Ya je ya ƙwato shi daga hannun alloli, ya ɗauko, bai kurɓi ko ɗigo ba. Wannan hali ne ya sa Bishnu ya girmama shi. Masu bin Buda ma suna da garuda cikin labaransu, manyan tsuntsaye abokan gāban macizai. An sassaƙa siffarsa a kan duwatsun Angkor a ƙasar Kambodiya, inda Sarki Suryabarman na Biyu ya gina wa Bishnu babban haikali a ƙarni na 12.

To, tambaya ta fari ita ce, ko abin da ke cikin kwalbar zai ƙazantar da mu? Amsarmu, a'a. Abin da ke ciki mai ne na itatuwa da kayan yaji, har da al'ud wanda matanmu suka sani cikin turaren wuta. Allah ne ya halicci itatuwan nan, masu haɗawa kuwa 'yan kasuwa ne, ba su miƙa shi a kan bagadi ba. Ikilisiyar Koranti ta yi irin wannan gardama a kan naman da aka yanka wa gumaka, Manzo Bulus kuwa ya koya masu cewa suna iya sayen nama a kasuwa ba sai sun bi asalinsa ba. Mu ma kowace shekara muna cewa Janairu da Maris, sunayen nan kuwa daga Janus da Mars suka fito, allolin Romawa. Abafroditus, abokin aikin Bulus, sunansa daga wata allahiyar Helenawa ya fito, ba a kuwa sake masa suna ba. Wanda ya ke tsoron kwalba ya ba ta ikon da ba ta da shi.

Tambaya ta biyu ta fi ta fari nauyi, ita ce ta ɗan'uwa. Ƙanshi yana tuna wa mutum abin da ya wuce fiye da magana. A cikinmu akwai waɗanda suka fito daga bori, har yau akwai turaren da in suka ji shi sai hankalinsu ya tashi, domin da shi a ke kiran iskoki a gidan da suka girma. Haka nan ɗan'uwa a Indiya ko Nepal wanda ya bar haikalin iyayensa da hawaye, ba zai ji sunan Garuda kamar yadda mu mu ke jinsa ba. Bulus ya gwammace ya bar cin nama da ya zama sanadin tuntuɓe ga mai raunin lamiri. Idan akwai irin wannan ɗan'uwa kusa da mu, sai mu ajiye 'yancinmu saboda shi.

Tambaya ta uku ita ce wadda ba mu cika yi ba, watau ta maƙwabcin da ba ya cikin bangaskiyarmu. Janus ba shi da sauran masu yi masa sujada a haikalinsa. Amma masu addinin Hindu sun fi mutum biliyan ɗaya a duniya, da yawansu kuwa suna rusunawa gaban siffar Garuda kafin su shiga wurin Bishnu. Shin daidai ne baƙo ya ɗauki sunan da su ke girmamawa ya liƙa a kan kayan sayarwa? Mu na Littafi Mai Tsarki ya kamata mu fi kowa gane wannan. Cikin Littafin Fitowa sura 30 an ba Musa haɗin man keɓewa da na turaren alfarwa, aka hana kowa ya haɗa irinsu domin jin daɗin kansa. Da za mu ga an sa sunan Ubangijinmu a kan kwalba domin a ja hankalin masu saye, lalle zuciyarmu za ta ɓaci. Abin da ba mu so a yi mana, bai kamata mu yi murna an yi wa wani ba.

Amma dole mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Mutanen ƙasashen can da kansu suna amfani da sunan nan a waje da haikali. Garuda shi ne tambarin ƙasar Tailan. Indonesiya, inda Musulmi suka fi yawa, ta ɗauke shi tambarinta a shekara ta 1950, kamfanin jiragen samanta kuma sunansa Garuda. Saboda haka ba za mu ce kowane ɗaukar suna raini ne ba. Inda a ke ganin laifi shi ne inda mai ɗauka bai kula da ma'anar abin da ya ɗauka ba. Ga misali, a shekara ta 1989 gidan Guerlain ya fitar da turare mai suna Samsara, haɗin sandal da furen yasmin. A wurin 'yan Hindu da masu bin Buda, samsara ita ce kewayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, wahalar da mai ibada ya ke neman kuɓuta daga gare ta. Ban da haka, cikin dokoki takwas da masu bin Buda su ke kiyayewa a ranakun ibada akwai barin shafa turare. Ashe mai saye yana iya yin ado da kalmar da ke nufin ɗauri a wurin masu ita, shi kuwa bai sani ba.

Ga abin da muka gaya wa uwar nan. Kada ta jefar da kyautar ɗanta, gama babu zunubi cikin shafa ta, sai ta gode wa Allah wanda ya yi itatuwa masu ƙanshi. Idan ta san wani da turaren zai dame shi, ta bar shi a gida ranar. Kada kuma ta mai da sunan abin ba'a, ko ta bar yara su yi, domin waɗanda su ke girmama shi mutane ne da Allah ya halitta cikin kamanninsa. Ba mu yi wa Garuda sujada, ba mu kuwa ɓoye wannan. Amma sa'ad da Bulus ya shiga Atina, sai da ya zaga ya duba wuraren sujadarsu, ya karanta abin da suka rubuta, kāna ya buɗe baki, shi ya sa waɗansu suka tsaya suka ji shi.

Da muka ba ta labarin Binata, sai ta yi shiru, ta ce ashe a can ma sun san darajar ɗan da ya tuna da uwarsa. Ta ɗaure kwalbarta ta tafi. Ya ku masu karatu, kaya daga nesa suna ta shigowa gidajenmu da sunayen da ba mu sani ba. Bari mu riƙa tambayar ma'anarsu kafin mu ji tsoro ko mu yi dariya. Allah ya ba mu lamiri mai tsabta da ladabi ga dukan mutane. Amin.